Kwafin VM: me ya sa aikin minti biyar ke jawo ciwon kan mako guda?

Idan kwafi daidai yake da asalinsa har zuwa harafin ƙarshe, me ya sa kwamfutar da aka kwafa take ƙin zama lafiya kusa da wadda aka kwafo ta daga jikinta? Wannan tambaya kan kwafin VM, wato kwamfutar manhaja da ke zaune a cikin wata kwamfutar, ta daɗe a bakin masu kula da sabobi (manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima), amma abubuwa biyu sun sake tayar da ita a 'yan shekarun nan.

Na farko ƙaura ce. Tun da kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, mai yin manhajar gudanar da VM, a watan Nuwamban 2023, ya kuma daina sayar da lasisin mallaka na dindindin ya koma na haya, ma'aikatu da dama suka fara kwashe kayansu zuwa wasu manhajojin irinta kamar Proxmox, Hyper-V da makamantansu. Mai ƙaura kuwa ba ya rabuwa da kwafe-kwafe. Na biyu daga Microsoft ya zo. Sabuntawar da kamfanin ya fitar wa sabbin zubin Windows 11 da Windows Server 2025 daga ƙarshen watan Agustan 2025 ta fara bincikar wata lambar shaida da ake kira SID. Sai ga kwamfutocin da suka daɗe suna aiki tare lami lafiya sun fara ƙin juna: a shigar da kalmar sirri daidai a ce ba ita ba ce, a nemi buɗe foldar haɗin gwiwa ta ƙi buɗuwa. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwafin juna ne da ba a wanke ba.

Amsar tambayar a taƙaice ita ce: matsalar kwafi ba kuskuren kwafi ba ce. Cikarsa ce matsalar.

Mece ce VM tun farko?

VM kwamfuta ce da ba ta da jikin kanta. Akwai babbar saba guda ta ƙarfe, a kanta kuma akwai wata manhaja da ake kira haifabaiza, wadda aikinta shi ne ta yayyanka ƙarfin injin, wato firosesa, ƙwaƙwalwar aiki da ma'ajiya, ta raba wa ƙananan kwamfutoci da yawa. Kowace daga cikinsu tana da nata Windows ko Linux, kuma a ganinta ita kaɗai ce a kan injin. Dabarar ba sabuwa ba ce. IBM ta fara ta a manyan injinanta tun shekarun 1960, ta fitar da VM/370 a 1972. VMware, wanda aka kafa a 1998, shi ya kawo ta kan kwamfutocin yau da kullum, KVM kuma, wata haifabaizar, ya shiga cikin zuciyar Linux a 2007.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne: idan aka kashe VM, ba komai ba ce face fayiloli. Ƙaramin fayil guda da ke bayyana siffarta, firosesa nawa, ƙwaƙwalwa nawa, katin netwok nawa, sai kuma babban fayil da ke matsayin faifanta. VMware na kiran nasa VMDK, Hyper-V na da VHDX, VirtualBox na da VDI, KVM kuma ya fi amfani da qcow2. Duk abin da yake fayil ana iya kwafarsa. Daga nan kulonin, wato kwafin VM, ya samo asali: maimakon ka yini kana girka tsarin aiki da manhajoji ɗaya bayan ɗaya, sai ka ɗauki wadda ta riga ta kammalu ka fitar da irinta.

Cikakken kwafi da kwafin jingina

Cikakken kwafi shi ne a juye faifan baki ɗaya zuwa sabon fayil. Da an gama, babu sauran alaƙa tsakanin uwar da 'yar. Ko an goge uwar, 'yar za ta ci gaba da aikinta. Farashinsa wuri ne da lokaci. Idan faifan uwar ya cika gigabait 60 kuma kana son goma, ka tanadi 600.

Kwafin jingina ba ya juye komai. Ana daskarar da faifan uwar ne a hana rubutu a kansa, sannan a ba kowace 'ya wani ɗan fayil da za ta riƙa rubuta abin da ta sauya kawai. Idan za ta karanta abin da ba ta taɓa sauyawa ba, sai ta leƙa faifan uwar. Shi ya sa ake gama shi cikin daƙiƙoƙi, kuma goma ɗin nan ba za su ci wuri mai yawa ba a farko. Amma sunansa ya faɗi aibinsa. Ranar da faifan uwar ya lalace, ko wani mai son share wuri ya goge shi don ya ga an daɗe ba a kunna shi ba, duk 'ya'yan sun tafi tare a lokaci guda. Ga ɗakin gwaji ko ajin koyarwa, inda za a zubar da su bayan kwana biyu, babu abin da ya fi shi. Ga sabar da ake dogaro da ita, ni dai ba na yarda da shi.

VMware na da wani nau'i na uku da ke tsago 'ya daga jikin VM tana cikin aiki, har da abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a lokacin. An fi amfani da shi wajen samar wa ma'aikata ɗaruruwan kwamfutocin tebur na wucin gadi.

Kwafi, sinafshot da bakof ba abu ɗaya ba ne

Nan ne ruɗani ya fi yawa, har a tsakanin waɗanda suka daɗe a aikin.

Sinafshot alama ce da ake sa wa wani lokaci a rayuwar VM ɗin, don a iya komawa gare shi idan sabuntawa ta ɓata abu. Ba wata sabuwar kwamfuta ba ce, kuma dogaro yake da ainihin faifan. Tun daga lokacin da aka ɗauke shi, duk wani sabon rubutu yana taruwa ne a wani fayil na gefe da ke ta kumbura. VMware da kansa yana ba da shawarar kada a bar sinafshot ya wuce awa 72, kuma ko da yake sarƙar na iya kaiwa 32, kada a tara fiye da biyu ko uku. Wanda ya manta da shi wata shida yakan tuna ne ranar da ma'ajiya ta cika, duk VM ɗin da ke kanta suka tsaya cak.

Bakof kuma ajiyar ko-ta-kwana ce: ana ɗaukarsa a kai a kai, ana kai shi wani wuri dabam, ana riƙe tsofaffin zubinsa. Cikakken kwafi na iya kama da shi, amma kama da wane ba ta wane. Idan kwafin na zaune a ma'ajiya ɗaya da uwarsa, gobarar da ta ci ɗaya ta ci ɗayan, manhajar garkuwa da bayanai da ta kulle ɗaya ta kulle ɗayan. Kuma kwafin watan jiya bai san komai game da cinikin jiya ba.

Abin da kwafi ke ɗaukowa ba da saninka ba

Kwamfutar da ta taɓa aiki a netwok ba manhaja kawai ke cikinta ba. Tana da suna, tana da lambobin da sauran injina suka san ta da su, tana da makullan sirri. Kwafi ba ya tantancewa. Duk yana kwasowa.

A fara da lambar MAC, wato lambar katin netwok mai tsawon bit 48, wadda bai kamata kati biyu su yi tarayya a kanta ba. Ƙwararre na iya gane haifabaizar daga farkon lambar: 00:50:56 ta VMware ce, 08:00:27 ta VirtualBox, 52:54:00 ta KVM, 00:15:5D ta Hyper-V. Idan ka bi ta maɓallin kwafi na haifabaizar, galibi za ta ba 'yar sabuwar lamba. Idan kuwa da hannu ka kwafi foldar, sai ka yi hattara. VMware kan tambaye ka a farkon kunnawa ko matso da VM ɗin ka yi ko kwafarta ka yi. Mutane da yawa kan danna wanda hannunsu ya fara kaiwa. Ka ce matsowa ce alhali uwar na nan a kunne, sai na'urar rarraba netwok ta rasa wa za ta miƙa wa saƙo: yanzu ta ba wannan, anjima ta ba wancan.

Wannan ma mai sauƙi ne, don an san shi. Wanda ya taɓa cinye mini yini guda cur shi ne wani ɗan fayil mai layi ɗaya. Na shirya Ubuntu guda, na gyara ta tsaf, na fitar da kwafi takwas. Na duba lambobin MAC, kowace da tata. Na kunna su. Na shiga ta farko ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ina cikin aiki, sai haɗin ya yanke. Na sake shiga, fayil ɗin da na ajiye minti biyu da suka wuce babu shi. Na fita na dawo, ga shi nan. Na fara zargin faifai, na zargi waya, har na zargi idona. Sai can da yamma na buɗe allon kowace daga cikin haifabaizar na tambaye ta adireshinta na IP, takwas ɗin suka ba ni amsa iri ɗaya. Ashe ba kwamfuta ɗaya nake shiga ba, duk wadda ta riga amsawa ita nake samu.

Dalilin shi ne fayil ɗin machine-id da ke cikin foldar etc, lamba mai harafi 32 da Linux ke ƙirƙira a farkon girki. Sabobin Ubuntu, tun daga zubin 18.04, idan za su nemi adireshi daga sabar DHCP, wato mai raba wa injina adireshin IP, ba da lambar MAC suke gabatar da kansu ba, da wata shaida ce da aka samo daga machine-id. Tun da takwas ɗin lamba ɗaya suka gada, sabar DHCP ta ɗauka mutum ɗaya ne ke ta dawowa, ta riƙa ba shi adireshinsa na ɗazu. Maganin bai kai minti ɗaya ba: a mayar da fayil ɗin fanko kafin a kwafa, kowace 'ya ta ƙirƙiri tata lambar idan ta tashi.

Gara ma irin wannan da ke ihu. Makullan SSH shiru suke yi. Kowace sabar Linux tana da makullin da take tabbatar wa mai shigowa cewa ita ce ba wani ɗan damfara ba. Idan saba hamsin suka fito daga uwa ɗaya ba a sauya makullin ba, komai zai yi aiki, babu gargaɗi ko ɗaya. Amma duk wanda ya fasa mafi ƙanƙantarsu, wata sabar gwaji da ba wanda ya damu da ita, ya samu makullin da zai iya yin sojan gona da shi a matsayin mafi muhimmancinsu. Haka tarihin umarnin da aka taɓa bugawa, kalmomin sirrin da aka bari cikin fayilolin saiti, da takardun shaidar tsaro: duk suna bin kwafin.

Muhawarar SID

A ɓangaren Windows, gardamar ta fi shekara goma sha biyar. Kowane girkin Windows yana da SID na kansa, kuma Microsoft ta daɗe tana cewa kafin a kwafa dole a bi ta Sysprep, manhajar da ke goge shaidar injin ta mayar da shi kamar sabo. Mutane ba sa son Sysprep saboda yana da tsirfa: yakan ƙi gudana saboda wata ƙaramar manhaja, yakan kuma mayar da wasu saituka baya. Sai suka koma wa wata 'yar manhaja mai suna NewSID, wadda Mark Russinovich ya rubuta a 1997, mai sauya lambar kawai.

A watan Nuwamban 2009 Russinovich da kansa, lokacin yana Microsoft, ya janye NewSID, ya kuma yi bayanin cewa bai samu hujjar da ke nuna tarayya a SID na inji tana jawo matsala a mafi yawan yanayi ba. Jama'a suka riƙe rabin maganar suka yar da rabi. Rabin da aka yar shi ne cewa har yanzu Sysprep wajibi ne, domin ba SID kaɗai yake gogewa ba. Akwai lambar da sabar raba sabuntawa ta WSUS ke gane kowace kwamfuta da ita. Idan ta zama ɗaya, kwamfuta ashirin sai su bayyana a matsayin guda a allon mai kula, ya ɗauka komai ya samu sabuntawa. Akwai makamanciyarta a wajen tabbatar da lasisi.

Masu tsallake Sysprep suna da hujjarsu: shekara da shekaru suna yi ba abin da ya faru. Gaskiya ne, har zuwa 2025. Abin da ya faru a shekarar bai nuna Russinovich ya yi kuskure a zamaninsa ba. Ya nuna cewa wanda ya gina aikinsa a kan abin da mai manhaja ya ce ba ya goyon baya, ranar da dokar ta tsananta ba shi da wurin kai ƙara. Gyaran dindindin da Microsoft ta nuna shi ne a sake gina injinan ta hanyar da ta dace.

Kwafin da ya farka ya kama aiki

Akwai haɗarin da ya fi rikicin lambobi, kuma ba a cika maganarsa ba. Kwafi bai san kwafi ba ne. Idan uwar na da aikin da take yi kowane dare da ƙarfe goma sha biyu, tura takardun biyan kuɗi, cire kuɗin wata daga asusun abokan hulɗa, goge tsofaffin fayiloli a wata ma'ajiya, to 'yar ma za ta yi, da izini iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya. Mai kula ya kwafi sabar aiki don ya gwada wani abu, ya tafi gida ya bar ta a kunne, da safe a tarar an yi komai sau biyu. Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce a cire wa kwafin katin netwok, ko a jefa shi keɓaɓɓen netwok, kafin a fara kunna shi.

Rumbunan bayanai na da nasu. MySQL na ajiye lambar shaidarsa a fayil ɗin auto.cnf, kuma idan aka kwafi saba don ta zama mataimakiyar uwarta ba a goge fayil ɗin ba, musayar bayanai tsakaninsu ba za ta tashi ba. Sannan kwafar VM tana cikin aiki, ba tare da an sanar da ita ba, daidai yake da fizge mata wayar wuta: abin da ke ƙwaƙwalwa bai sauka faifai ba ya tafi. Don haka ake girka wakilin haifabaiza a cikin VM ɗin, wanda zai ce wa tsarin ya dakata da rubutu na ɗan lokaci. A Windows, VSS ke wannan aikin.

Mafi tsanani ita ce sabar da ke riƙe da rajistar ma'aikata da kalmomin sirrinsu a tsarin Active Directory. Irin waɗannan sabobi suna ba kowane sauyi lamba a jere, da ita suke sanin inda aka tsaya a musayarsu. Idan aka mayar da ɗaya baya ko aka kunna tsohon kwafinta, sai ta sake amfani da lambobin da 'yan'uwanta suka riga suka gani, su kuma su yi watsi da sabbin sauye-sauyenta. Ma'aikacin da aka rufe wa asusu a nan yana iya ci gaba da shiga a can. Windows Server 2012 ya kawo wata lamba da haifabaiza ke sauyawa duk lokacin da aka kwafi VM ko aka mayar da ita baya, don tsarin da ke ciki ya gane abin da ya same shi. Linux ma ya fara amfani da ita a 2022, a zubin 5.18, don sabunta tushen lambobin sirrinsa, kada tagwaye biyu su riƙa fitar da makulli iri ɗaya.

Yadda masu hankali ke yi

Ba sa kwafar sabar da ke aiki sai da dalili. Suna gina samfuri ne: VM da aka girka, aka sabunta, aka wanke, aka kashe, aka kulle ta yadda ba za a sake kunna ta ba sai dai a kwafa daga gare ta. A Windows wankin shi ne Sysprep. A Linux akwai virt-sysprep, mai goge makullan SSH, machine-id, tarihin umarni da sauransu a tashi ɗaya. Sai cloud-init, wanda ke ba kowace 'ya sunanta, adireshinta da masu izinin shigarta a tashin farko.

A nan ma kan masana ya rabu. Wasu na son samfuri mai ɗauke da komai, a kunna kawai a kama aiki. Wasu na cewa samfurin ya zama ƙashi zalla, sauran kuma a rubuta su a matsayin umarni da manhajoji irin su Ansible za su aiwatar, har shi kansa samfurin a riƙa gina shi da Packer. Na farkon ya fi sauri. Na biyun ya fi gaskiya, domin samfurin da aka gina da hannu shekara uku da suka wuce babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsa, sau da yawa har wanda ya gina shi. Ga mai saba biyar, na farkon ya wadatar muddin yana rubuta abin da ya yi. Ga mai ɗari biyar, ban ga yadda zai kauce wa na biyun ba.

Kada a manta da lasisi, don maɓallin kwafi ba ya tambayarsa. Lasisin Windows Server na Standard ya ba da izinin VM biyu ne a kan injin da aka biya wa, na Datacenter ne ba shi da iyaka. Ta uku da ka fitar cikin daƙiƙa talatin bashi ce da za ta jira ranar binciken lasisi.

Ina ruwan wanda ba ya kula da saba?

Ruwansa na nan, ko da bai taɓa jin kalmar haifabaiza ba. Saurin da ake buɗe sabbin sabobi idan jama'a suka yi wa wani shafi yawa, daga samfuri da kwafi yake zuwa. Haka saurin dawo da aiki bayan wata saba ta faɗi. A ɗaya gefen kuma, saƙon da ya shigo wayarsa sau biyu, ko kuɗin da aka cire masa sau biyu a dare ɗaya, wani lokaci ba ɓarawo ba ne, kwafi ne da aka manta a kunne.

Wanda ya fi damuna shi ne na bayanan mutane. Idan aka kwafi sabar aiki don gwaji, sunaye, lambobin waya da bayanan asusun duk abokan hulɗa sun bi ta zuwa wurin da tsaronsa bai kai na asali ba, inda masu gwaji da 'yan kwangila ke shiga da fita. Ana gama gwajin a kashe ta a bar ta. Ba ta cikin jerin sabobin da ake sabuntawa, ba ta cikin waɗanda ake sa wa ido, mai ita ma ya bar aikin. Bayan shekara biyu wani ya gan ta a jeri da suna irin "gwaji-2-kar-a-goge", ya kunna don ya ga mece ce, ta tashi da ramukan tsaro na shekara biyu da cikakken rumbun bayanan jama'a a cikinta, katin netwok ɗinta kuma a haɗe.